Motar Baba Ta Ƙi Tashi a Gidan Mai

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, kuma tarin nan naka bai dawo ba. Mu nan lafiya lau. Yara suna gaishe ka, babansu ma haka. Ciwon gwiwar Baba ya yi sauƙi, yana cin abinci sosai.

Na gwada wayarka har na gaji. Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce in daina wahalar da kaina, wurin fasa dutsen nan naku babu sabis ko mutum ya hau bishiya. Ya ce in rubuta zai kai. To ga shi na ture keken ɗinki na ɗauki biro, ni da rabona da rubuta abin da ya wuce awon wuya da kafaɗa har na manta.

Maganar a-kori-kurar Baba ce. Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma da zarar ya shiga gidan mai an zuba mata, shi ke nan, sai ta ƙi. Ya yi ta murza makulli tana gurnani, warin fetur ya cika wurin, motoci su yi layi a bayansa suna ta danna masa hon. Sai an tura ta gefe. Dattijon da ke zuba mai yana da lambata don ina yi wa matarsa ɗinki, shi ke kirana. In rufe shago in je in tarar da Baba zaune a ciki ya riƙe sitiyari, gumi ya jiƙa masa riga. Sai an daɗe sannan ta tashi tana tari. Kuma kusan kullum sai ya je gidan man nan, wata rana ma ya je ya sake komawa. Akwai wata fitila ruwan ɗorawa da ta kama a gaban sitiyari, ba ta mutuwa. Bakaniken layinmu ya canza fulogi, ya ce batir ne, ya canza batir, ya ce sai dai addu'a.

Baffa ya zo shekaranjiya. Ya ce mini, “Ke, ba motar ba ce. Yayana ne ya tsufa, ya rikice, yana shaƙe ta da totur. A karɓe makullin tun kafin a ji kunya.” Ni ban ce masa komai ba. Amma Auta, Baba ba kamar da ba ne. Ban san yadda zan sa maka wannan a takarda ba.

Ka rubuto da wuri.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji lafiyar kowa, alhamdu lillahi. Ni ma lafiya, tari ya tafi. Ki gaida yara da babansu. Ki durƙusa ki gaida mini Baba.

Yaya, raina ya ɓaci. Baffa da ko keke bai iya ba shi ne zai ce Baba ya manta tayar da mota? Mutumin da tun kafin a haife mu yake ɗaukar katako da siminti, bai taɓa taka ko kaza ba? Kuma ke ki ce ba ki ce komai ba. Shirun nan ai magana ne. Kin ce ba kamar da ba ne. Wane ne kamar da? Ke ma yanzu sai da tabarau kike zura zare a allura. In rufe shago da zuwa gidan mai ne ya ishe ki, ki fito fili ki faɗa, kada a ɗora wa tsoho. Ranar da aka raba Baba da makullin nan an gama da shi, kin sani na sani.

Tun ban kai ƙarshen takardarki ba na gane ciwon motar. Fetur a cikin tanki yana tururi. Irin waɗannan motocin ba sa barin tururin ya bi iska. Akwai wani gwangwani a ƙarƙashi kusa da tanki, cike da gawayi, shi ke shanye shi. Daga nan tiyo ya taho gaba zuwa wani ɗan baƙin bawul a saman inji, bai kai tafin hannunki ba. Aikinsa na mai gadi ne, ƙofa a rufe, sai inji ya yi zafi ana tafiya sannan ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, inji ya ƙone tururin. In ya lalace ya zauna a buɗe, to lokacin da ake zuba mai, man zai koro tururin gaba ɗaya ya cika inji, ya shaƙe shi. Ko ni ne a kujerar ba za ta tashi ba. Zuwa gidan mai kullum kuma, ai duk direban da motarsa ke masa haka zai riƙa tsoron ta mutu masa a hanya.

Ga abin da za ki yi, kuma ke nake so ki yi da hannunki don ki gani da idonki. A fili, nesa da murhu, kada kowa ya zo da sigari. Ki fara duba murfin tanki ko robarsa ta tsage. Sai ki buɗe bonet ki nemi bawul ɗin, tiyo biyu ne a jikinsa da soket na waya guda. Ki zare soket ɗin. Ki cire tiyon da ya fito daga wajen tanki, ki bar wanda ya shiga inji. Baba ya tayar da mota, ke kuma ki ɗora yatsa a bakin da kika cire wa tiyo. In lafiyarsa lau ba za ki ji komai ba. In ya ja yatsanki, yana yoyo. Bayan nan a kashe mota, ki cire shi duka ki ƙwanƙwasa shi a kan farin ƙyalle, ki faɗa mini abin da ya zubo.

Kafin nan, in ta ƙi tashi, Baba ya take totur har ƙasa ya riƙe sannan ya murza makulli.

Kada kowa ya taɓa makullinsa.

Ƙaninki.

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi amma ta warke. Baba yana amsa gaisuwarka.

Takardarka ta zo, na karanta ta a shago, sai da na juya wa masu jiran ɗinki baya. Ban gaji ba. Tun rasuwar Inna ni ke wanke masa kaya, ni ke shafa masa magani a gwiwa, ban taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Kai kana can, sai ka ɗauki layi ɗaya a takardata ka yi mini bulala da shi. Na yafe, amma ya yi mini zafi.

Na yi aikinka. Na sa tsohuwar rigar baban yara, maƙwabta suka fito kallon tela ta koma bakaniya. Murfin tanki lafiyarsa ƙalau. Bawul ɗin kuwa sai da na sha wuya kafin in gano shi, ashe yana laɓe a bayan wani ƙaton tiyo. Da na ce wa Baba kai ka aiko da bayanin, ka ga fuskarsa kuwa? Ya ce, “Auta ne ya ce? To a yi yadda ya ce.” Ya shiga ya tayar. Ina ɗora yatsa ya cafke shi kamar jariri ya samu nono, har na yi ƙara. Motar ma da take rawa sai ta natsu, muddin yatsana yana wurin. Da na ƙwanƙwasa shi a kan guntun farin yadi, wasu baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo, na murza su, gawayi ne. Baban yara ya kwanta a ƙarƙashi ya duba gwangwanin da ka ce, ya ce a jiƙe yake sharkaf, fetur har yana ɗiga.

To ka yi gaskiya, motar tana da laifi. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, don ni ma abin da nake so ke nan.

Amma bari in faɗa maka abin da ya faru muna cikin aikin. Baba ya tambaye ni wa ya koya mini wannan, na ce kai. Ya yi murna. Muna mayar da tiyo ya sake tambayata, na sake faɗa, ya sake yin murnar sabuwa fil. Da zan shiga gida ya kira ni da sunan Inna, ya ce in ɗora masa ruwan wanka. Ba zan ƙara komai a kai ba, kada ka ce na gaji.

Yayarka.

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikis salam. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Ni ina nan garau, sai aiki, injinan nan ba sa barin mutum ya miƙe baya.

Ki yi haƙuri da maganar da na yi, zafin zuciya ne. Amma kin gani ko? Yatsanki ya ba da shaida. Da ina kusa da na ba ki aiki a gareji, ki bar wa wasu allura.

Gawayin da kika gani ya gaya mini mafarin abin. Kin san yadda Baba yake shan mai. Famfon gidan mai ya yi ƙas ya tsaya, shi kuma ya ce a ƙara. Ya kama gefen mota ya yi ta girgiza ta, a ƙara, a ƙara, sai ya ga fetur ya leƙo a wuyan tanki sannan hankalinsa ya kwanta. A tsofaffin motocinsa wannan ba ya komai. A wannan kuwa, man da ya wuce kima gwangwanin gawayi yake gangarawa. Gawayin ya jiƙe ya farfashe, ƙwayoyin su bi tiyo su maƙale a bakin bawul, ya kasa rufuwa. Ba tsufa ba ne, sabo ne na direbobin da.

Ga sabon bawul nan na ba direba, na naɗe shi a cikin safa. Yadda kika cire wancan haka za ki sa wannan, akwai kibiya a jikinsa, ta kalli inji. Gwangwanin kuma ki sa bakaniken layi ya canza, ya busa tiyon da iska, wannan dai ba zai gagare shi ba. Sai ki lallaɓa Baba, in famfo ya yi ƙas a tsaya. Tsohon bawul ɗin ki kai wa Baffa, ki ce in ji ni ya rataya a ɗakinsa.

Maganar suna kuwa, ke ce kike ƙara kama da Inna, har tafiyar. Ni ma da na zo wancan karon sai da gabana ya faɗi da na hango ki daga baya. Kada ki sa wa ranki damuwa.

Ƙaninki, Auta.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya.

Ruwa ya cinye hanyarmu, an daɗe mota ba ta shigo ba. Da hanya ta buɗe direba ya zo hannu wofi. Ya sake zuwa, hannu wofi. Ya ce ya biya ta shagonki ya tarar a rufe. Fushi kike yi da ni har yanzu? Ko bawul ɗin ne bai yi daidai ba? Ko layi biyu ne ki rubuto. Ba na iya cin abinci.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikas salam. Kowa yana raye, kowa yana lafiya, na fara da wannan don ka iya karanta sauran. Ba fushi nake ba. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

Bawul ɗinka ya yi daidai. An canza gwangwani, fitilar ta mutu, motar ta koma kamar sabuwa. Baba ya zagaya layi da ita yana ɗaga wa mutane hannu. Na kai wa Baffa tsohon, ban dai faɗi saƙonka ba.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya fita da safe. Azahar bai dawo ba. Wayarsa tana kan tabarmarsa. Na je kasuwar katako inda yake jiran lodi, abokansa suka ce ai ya daɗe rabonsa da ɗaukar kaya, zuwa yake ya zauna ya tashi, su sun ɗauka na sani. Na wuce gidan mai. Dattijon nan ya ce, “Ya zo da safe na cika masa. Ya dawo da hantsi ya ce in cika, na ce Baba ai a cike take. Ya ce ni zan gaya masa motarsa? Ya girgiza ta na ɗiga masa abin da ta karɓa. Haka muke yi da shi tun tuni, wata rana sau uku. Da can in na ɗiga sai ta ƙi tashi, in kira ki. Yau kuwa bugu ɗaya ta tashi, ya hau babban titi.”

Auta, a nan na zauna a kan dakalin famfo. Ba tsoron mutuwar mota ke mayar da shi gidan mai ba. Mantawa yake ya sha. Kuma duk watannin nan da nake jin haushin rufe shago, lalataccen bawul ɗin nan ne yake riƙe mana shi a inda za mu same shi. Ni da hannuna na cire.

Sai gab da faɗuwar rana wani mai shayi ya kira baban yara, ya ga lambar a jikin ƙofar motar. Can bayan gari, gaba da gadar jirgi, inda ko dangi ba mu da shi. Muka tarar da shi ya faka tsaf a gefen titi, ya ja birkin hannu, ya sa dutse a bayan taya yadda ya saba. Madubin gefe ya karye, akwai jan fenti a jikin ƙofa, bai san inda ya samo shi ba, mu ma har yau ba mu sani ba. Kullum sai na yi addu'a Allah ya sa mota ya goga ba mutum ba. Da ya gan ni ya ce, “Kun daɗe. Innarku ta shiga sayen zare tun ɗazu, je ki kira ta.”

Mun kai shi asibiti. Likita ta yi masa tambayoyi, ta ba da magani, ta ce abin ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Ta ce tuƙi ya ƙare.

Baffa ya karɓe makullin a gabansa, ya yi masa bayani da hankali, ban ga laifinsa ba. Baba ya yi kuka, Auta. Ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar Inna. Washegari ya manta an yi, ya birkice gida yana nema, ya ce jikokinsa ɓarayi ne. Na sake yi masa bayani, ya sake yin kukan daga farko. Rana ta uku na kasa, na karɓo na ba shi. Yanzu baban yara yana toshe ƙofar gida da motarsa, ni kuma na dawo da keken ɗinki tsakar gida ina gadi. Ba za mu iya haka har abada ba.

Kai ka san mota. Ka gaya mini yadda zan yi.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikis salam. Na karanta. Lafiyata ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

Kin faɗa mini tun a takardar farko, kin sake faɗa a ta biyu. Ni kuwa ina ta murna na kama bawul. Ba hannunki ba ne ya cire shi, ni na aiko. Ki daina ɗora wa kanki. Ki ba Baffa haƙuri a madadina kafin in zo in ba shi da bakina.

Ki bar masa makullinsa. A gefen batir akwai wani baƙin akwati mai murfi. A cikin murfin an zana abin da ke ciki. Ki nemi wanda aka yi wa hoton famfon mai, wani ɗan dunƙule ne mai ƙafafu, ki kama shi ki ja sama. Shi ke nan. Fitilu za su kama, rediyo zai yi, inji zai juya, amma mai ba zai taso daga tanki ba. Kada ki yi yana kallo. Kada ki bari ya yi ta murzawa har batir ya mutu, in ya gwada kaɗan ki kira shi shan shayi.

Tun ina tsayawa a kan bulo don in leƙa inji yake koya mini yadda ake tayar da mota. Ban taɓa zaton zan zauna in rubuta yadda za a hana tasa tashi ba.

Na nemi hutu. Sun ce sai wanda zai karɓe ni ya iso.

Ƙaninki.

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Baba yana barci sosai yanzu, maganin ya karɓe shi. Yara sun koma shiga ɗakinsa, ya manta ya taɓa kiransu ɓarayi, su ma sun yi kamar sun manta.

Na cire abin. Yana cikin aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zarurruka. Na buɗe shago.

Kullum da safe yana wanka ya sa hula, ya goge gilashi, ya shiga ya murza. Ta juya ta ƙi. Ba ya kuka, ba ya faɗa da kowa, tsaki kawai yake ya ce motocin zamani ba su da amana. Sai in kira shi shan shayi.

Amma jiya ya ba ni tsoro. Ya murza makulli rabi, bai tayar ba, ya ce in yi shiru. Ya fito ya kara kunne a jikin tanki. Ya ce, “Famfon mai ba ya kuka. Wuta ce ba ta zuwa masa.” Mutumin da bai san ko ya karya kumallo ba, Auta. Ya buɗe bonet ya tsaya a kan baƙin akwatin nan, har ya ɗora hannu a murfin. Sai ya janye hannun ya ce, “A'a. Kayan wuta ba na taɓawa, kuma kada ki bari na layin nan ya taɓa. Ɗauko takarda.”

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa haka na rubuta. “Ki gaida Auta. Ki ce masa motar ta kwanta, aiki yana ta wuce ni. Na hana kowa sa mata hannu. Duk garin nan babu wanda na yarda da shi sai shi, don bai taɓa yi mini ƙarya a kan mota ba. In ya zo ba za ta kwana ba ta tashi ba.”

Na karanta masa, ya ce daidai.

Ka zo, ko wanda zai karɓe ka ya iso ko bai iso ba. Yanzu yana gane sunanka, ban san har yaushe ba. Kuma tun a hanya ka shirya abin da za ka ce masa, don ni na rasa. Ya wanke sifanoninsa da kananzir, ya jera su a kan buhu a gaban motar, ya ce kada a kwashe sai ka iso.

Yayarka.